Maganar Mai Kaya Ko Hatimin Alƙali? Yadda Ake Cinikin Tsofaffin Mujallun Zane A Amurka

Mai karatu, idan wani ya tare ka a bakin kasuwa ya ce maka an sayi wata tsohuwar mujallar yara a kan dala miliyan 6, mun san abin da za ka ce masa. To amma abin ya faru. A watan Afrilu na shekarar 2024, kamfanin gwanjo na Heritage da ke birnin Dalas a Amurka ya sayar da kwafi ɗaya na mujallar Action Comics ta 1 a kan wannan kuɗi. Mujallar ta fito ne a 1938, a cikinta aka fara nuna wa duniya jarumin nan Superman, kuma a lokacin santi 10 ake sayar da ita, wato kashi ɗaya cikin goma na dala.

Abin da ya fi ɗaure mana kai ba yawan kuɗin ba ne. Wanda ya saye ta bai buɗe ta ba, bai ƙirga shafukanta ba, bai shinshina takardarta ba. An miƙa masa ita a kulle cikin wani siririn akwatin roba mai garai-garai, a samansa an manna wata 'yar takarda mai ɗauke da lamba 8.5. Wani kamfani ne dabam, wanda ba shi ne mai kayan ba, ba shi ne mai saye ba, ya duba mujallar ya ba ta wannan maki ya rufe. A kan maganar wannan kamfani aka ƙirga miliyoyin. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu zauna mu duba, tsakanin makin da mai kaya ya ba kayansa da wanda alƙali na waje ya bayar, wanne ya fi cancanta a dogara da shi, kuma har zuwa ina.

Bari mu fara da bayyana irin kayan da ake magana a kai. Mujallu ne da ake ba da labari a cikinsu ta hanyar zane-zane a jere, maganar kowane mutum tana cikin wani ɗan da'ira kusa da bakinsa. Turawa na kiran su komik. Manyanmu da suka yi ƙuruciya a ƙarshen shekarun 1960 za su tuna da mujallar African Film da jaruminta Lance Spearman, wadda ita da hotuna aka yi ta maimakon zane, amma tsarin ɗaya ne. 'Yan'uwanmu na ƙasashen da ake Faransanci kuwa sun san Tintin. Na Amurka sirara ne, ana buga su a takarda mai araha irin ta jarida, a haɗe shafukan da 'yan ƙarafa biyu a tsakiya. Ba a yi su don a ajiye ba. Yaro zai karanta, ya naɗe ya cusa a aljihu, ya ara wa abokinsa, daga baya uwa ta share ɗaki ta zubar. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi ta tattara tsofaffin takardu don a sake sarrafa su, mujallu masu ɗimbin yawa suka tafi ta nan. Bayan yaƙin kuma aka shiga zargin cewa suna lalata tarbiyyar yara, har wasu garuruwa suka tara su suka cinna musu wuta. Ita kanta takardar tana da wani sinadari mai tsami da ke cin ta a hankali, ta yi ja, ta bushe, ta riƙa karyewa. Shi ya sa daga cikin kwafi kimanin 200,000 da aka buga na waccan mujalla ta 1938, ana ƙiyasta cewa kusan 100 ne kacal suka rage.

Idan abu ya yi ƙaranci haka, sai lafiyar jikinsa ta zama ita ce farashinsa. A watan Fabrairu na 2010 an sayar da kwafi ɗaya mai maki 8.0 a kan dala miliyan 1, karo na farko da wata mujallar zane ta kai wannan kuɗi. Wata ɗaya bayan haka aka sayar da wani mai maki 8.5 a kan dala miliyan 1 da rabi. Rabin maki ne tsakaninsu. A 2014 kuma mai maki 9.0 ya haura dala miliyan 3.2 a kasuwar eBay.

Akwai wani labari da ya fi waɗannan nuna abin a fili. A 2013 wani magini a jihar Minesota ya sayi tsohon gida zai gyara, yana fasa bango sai ya tarar da kwafin wannan mujalla a cikin tsofaffin jaridun da aka cusa don tare sanyi. Murna ta ɓarke, 'yan'uwa suka taru, sai aka shiga ja-in-ja da wata 'yar'uwar matarsa a kan riƙon mujallar, bangon baya ya yage. Da aka kai ta wurin masu dubawa sai ta samu maki 1.5, alhali ana ganin da ba don yagewar ba da ta kai 3.0. An sayar da ita dala 175,000, wanda kuma ya yi gwanjon ya ƙiyasta cewa wannan yagewa ta cinye dala 75,000. Kuɗin da ya ninka na sayen gidan sau da yawa ya tafi a fizga ɗaya.

Zamanin da maganar mai kaya ce kaɗai

Tun daga shekarun 1960 da aka fara tara waɗannan mujallu da gaske, mai sayarwa shi ne ke faɗin darajar kayansa. Yawancin cinikin ta gidan waya ake yi. Dillali zai buga jerin kayansa a takarda, ya rubuta wata kalma a gaban kowace mujalla, kai kuma ka aika kuɗi ka zauna jiran ɗan aike. Sayen biri a sama ke nan.

A 1970 wani mutum mai suna Robert Overstreet ya fitar da littafin farashi wanda ya zama madogara ga kowa, ana kuma sabunta shi shekara-shekara. Littafin ya daidaita kalmomin da ake amfani da su. Mafi girma ita ce Mint, kalmar da aka aro daga masu tara tsabar kuɗi, ma'ana kamar yanzu aka fito da abu daga maƙera. Daga nan sai a gangaro ta kan Fine da Good har zuwa Poor, wadda ta yi raga-raga. Wani abin dariya shi ne Good, da ke nufin mai kyau, a wannan sana'a mujalla ce da ta sha wuya, ta yamutse, amma dai shafukanta sun cika. Baƙon da bai san wannan ba tun daga nan ya fara faɗawa rami.

Littafi ya ba da kalmomi, amma bai ba da ido ba. Abin da wannan dillali ya kira kusan-sabuwa, wancan zai ce matsakaiciya ce. Kuma an lura cewa kuskuren kusan kullum gefe ɗaya yake karkata: mutum idan zai saya sai idonsa ya yi kaifi, idan zai sayar sai ya dushe. Ba za mu ce duka ƙarya ce ba. Wanda ya riƙe abu shekara ashirin yana ƙaunarsa, da gaske ba ya ganin 'yar karayar da ke gefen bango. Amma ko da zuciya ɗaya ya yi, aljihunsa ne ke ƙaruwa da kowane mataki da ya ɗaga, kuma ba a sa mutum alƙalanci a shari'ar da yake da rabo a ciki.

Wannan ma mai sauƙi ne, domin idan kaya ya iso kana iya ganin yamutsewa da idonka. Babbar matsalar ita ce kwaskwarima. Akwai gwanaye da ke ɗaukar tsohuwar mujalla su shafa ɗan launi inda ya goge, su liƙe inda ya yage da gam, su cike inda ɓera ya ci da wata takarda, su sauya ƙarafan da suka yi tsatsa, ko su sa reza su aske gefen da ya tauye don ya fito tas. Wani ma yakan ciro bango daga wannan kwafi ya aura wa wancan. Gyara ba laifi ba ne idan an faɗa, amma masu tarawa sun fi son abu yadda ya fito daga maɗaba'a, don haka wadda aka gyara farashinta kan faɗi ƙwarai, sau da yawa ƙasa da rabi. Ka ga ke nan akwai riba mai yawa a cikin yin shiru. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai saye kuwa sai damina ta zo.

Wani masanin tattalin arziki Ba'amurke, George Akerlof, ya yi rubutu a kan irin wannan kasuwa a 1970, ya yi misali da tsofaffin motoci, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 2001. Abin da ya nuna shi ne, idan mai saye ba zai iya bambance nagari da mugu ba, zai taya kowane kaya da farashin zato. Mai kaya nagari sai ya ga an raina masa, ya janye nasa, kasuwa ta rage sai tarkace. Wato ha'incin mutum ɗaya yana cutar mai gaskiyar da ke rumfar kusa da shi fiye da kowa.

Kada a ɗauka a wancan zamani babu amana ko kaɗan. Akwai dillalan da suka gina suna na shekaru, aka san makinsu da tsauri, aka san idan ka mayar da kaya za su mayar maka da kuɗinka ba musu. Akwai kuma tarin da asalinsa ya zama shaida. A 1977 wani matashin ɗan kasuwa, Chuck Rozanski, ya sayi tarin wani dattijo mai zane, Edgar Church, a birnin Denba: mujallu tsakanin 18,000 da 22,000 da aka jibge shekaru da dama a wuri mai sanyi marar laima, suka fito kamar jiya aka buga su. Har yau idan aka ce kwafi daga wannan tari ya fito, farashinsa dabam ne. Sai dai irin wannan amana tana aiki ne a inda aka san juna. Da kasuwar eBay ta buɗe a 1995, sai ya zama kowa dillali ne. Mutumin da ba ka taɓa jin sunansa ba, daga garin da ba ka sani ba, zai sa hoto dishi-dishi ya rubuta Mint. A daidai lokacin kuma kasuwar ta sha mugun kaye: a farkon shekarun 1990 jama'a sun yi ta sayen sababbin mujallu da yawa suna ɓoyewa da zaton za su yi tsada, har aka sayar da kwafi fiye da miliyan 8 na X-Men ta 1 a 1991, sai ga shi abin da kowa ya ajiye ba ya tsada. Kamfanin Marvel da kansa ya shiga kotun fatara a watan Disamba na 1996. Mutane sun ƙone, amana ta yi ƙaranci.

Shigowar alƙali

Maganin daga wata kasuwa aka aro shi. Masu tara tsabar kuɗi sun riga sun sha irin wannan wahala, suka kafa kamfanonin dubawa, PCGS a 1986 da NGC a 1987. Masu katunan 'yan wasa suka bi sahu da PSA a 1991. A shekarar 2000 masu NGC suka buɗe reshe na mujallun zane mai suna CGC, wanda ke da mazauni a garin Sarasota na jihar Fulorida. A 2014 Steve Borock, wanda shi ne babban mai dubawa na farko a CGC, ya kafa wani kamfanin mai suna CBCS, wanda kamfanin Beckett ya saye a 2017.

Ga yadda aikin yake. Za ka aika mujallarka tare da kuɗin aiki. Masu dubawa za su ƙirga shafuka, su nemi alamar kwaskwarima, har da haska wata fitila ta musamman da ke tona launi ko gam da aka ƙara, sa'an nan mutum fiye da ɗaya ya duba kafin a tsayar da maki. Kamfanin ya ce masu dubawar ba sa sanin mai kayan, kuma an hana su cinikin mujallu. Makin yana farawa daga 0.5 ya ƙare a 10, amma a sama matakan ƙanana ne: 9.0, 9.2, 9.4, 9.6, 9.8, sai 9.9 da 10 waɗanda ba kasafai ake ganinsu ba. Ana kuma rubuta launin takardar ciki, ko fara ce sol, ko ta fara yin ruwan madara, ko ta yi ja ta bushe. Daga nan sai a rufe ta a akwatin roba, a ba ta lambar rajista da kowa zai iya bincikawa.

Launin 'yar takardar da ke sama ma magana ce. Shuɗiya na nufin ba a taɓa mujallar ba. Mai ruwan shunayya na nufin an yi mata kwaskwarima, kuma masu sayarwa na tsoron wannan launi kamar me. Rawaya na nufin wani marubuci ko mai zane ya sa hannu a gaban wakilin kamfanin. Koriya kuwa na nufin mujallar tana da kyan gani amma akwai wani babban aibu guda da dole a ambata. Misalin da aka fi sani shi ne The Incredible Hulk ta 181 ta shekarar 1974, inda jarumi Wolverine ya fara fitowa sosai. A cikinta akwai wani ɗan kan sarki na talla da aka ce yara su yanke su tara, da yawa kuma sun yanke. Daga waje ba za ka taɓa sani ba. Kwafi biyu za su yi kama kamar tagwaye, amma ɗaya da rami a shafin ciki, farashinsu kuma ko kusa. Mai sayarwa zai iya mantawa da wannan rami, ko ya yi kamar ya manta. Mai dubawa da ke bin shafi-shafi ba shi da dalilin mantawa.

Mu da muke aikin koyarwa wannan tsari bai zama mana baƙo ba. Malamin aji ya fi kowa sanin ɗalibinsa, amma idan ana maganar takardar shaidar da za a kai wata ƙasa, sai a nemi ta hukumar WAEC, inda wanda bai san fuskar yaron ba yake duba takardarsa. Ba don malamin aji maƙaryaci ne ba. Don dai wanda ke nesa ba shi da hanyar sanin wane malami ne mai tsauri, wane ne mai sassauci.

Haka abin ya kasance. Da akwatin roba ya karɓu, sai mutumin Jamus ya iya sayen kaya daga mutumin Kanada ba tare da sun san juna ba. Kamfanin yana kuma wallafa ƙididdigar kwafi nawa ya duba na kowace mujalla da makin da suka samu, sai aka fara sanin abin da ke da wuyar samu da gaske da wanda baki ne kawai ya ce haka. Masu kuɗin da ba su taɓa karanta komik ba suka shigo, domin yanzu akwai lamba da za su kwatanta. Duk manyan cinikin da muka ambata a sama a cikin akwati aka yi su. Har ta kai a 2021 babban kamfanin zuba jari na Blackstone ya sayi kaso mafi yawa na uwar kamfanin CGC.

Shi kuma alƙalin, wa ke duba shi?

A nan ne muke so mai karatu ya ɗan dakata, domin mutane da yawa da sun ga lamba a cikin roba sai su ajiye hankalinsu a gefe.

Da farko dai, makin ra'ayi ne na ɗan Adam. Ba sikeli ba ne, ba ma'aunin zafi ba ne. Bambancin 9.6 da 9.8 zai iya zama wani ɗan layi a ƙashin bayan mujalla da sai an karkata ta ga haske za a gani, amma a kasuwa sau da yawa 9.8 kan ninka 9.6 a farashi. Saboda haka wata sana'a ta tsiro: mutum ya fasa akwati, ya sake aika mujallar kamar sabuwa, da fatan wannan karon ta faɗa hannun mai sassauci. Wani lokaci makin ya hau, wani lokaci ya sauka. Idan abu ɗaya zai iya samun maki biyu a wuri ɗaya, to lambar ba ta kai tsarkin da ake ba ta ba. Wannan dabi'a tana kuma ɓata ƙididdigar da muka yaba, domin kwafi ɗaya kan shiga lissafi sau biyu ko uku idan ba a mayar da tsohuwar takardar ba.

Sai maganar guga. Ana iya sa mujalla a na'ura mai zafi da ɗan danshi a danne ta, lanƙwasa da ƙananan yamutsewa su miƙe, maki ya ƙaru. CGC ba ya lissafa wannan a cikin kwaskwarima, tunda ba a ƙara komai ba, ba a cire komai ba, kuma da wuya a gane an yi. An daɗe ana musu a kan haka tsakanin masu tarawa. Abin da ya ƙara wa musun zafi shi ne a 2012 uwar kamfanin ta sayi wani kamfanin guga ta mai da shi nata. Wato gida ɗaya ne zai goge maka kaya a wannan ɗaki ka biya, ya ba shi maki a wancan ɗaki ka biya. Sun ce ɗakunan ba sa haɗuwa. Muna iya yarda, amma dai yarda ce, irin wadda aka ce mun huta da ita.

Haka nan a tuna wanda ke biyan alƙali. Mai kaya ne ke biya, ba mai saye ba, kuma kuɗin aikin yana hawa ne da ƙimar mujallar, a manyan kaya ma wani kaso ne na ƙimar ake karɓa. Ba mu ce wannan ya sa ana murɗe maki ba. Jarin irin wannan kamfani sunansa ne, ranar da aka daina yarda da shi ya mutu, wannan kuwa babban dalili ne na tsare gaskiya. Amma kamfanonin suna gasa, mai kaya kuma zai fi son inda ake ba shi maki mai daɗi. Kasuwa ta san da haka, shi ya sa maki ɗaya daga kamfanoni biyu ba lallai ya kawo kuɗi ɗaya ba.

An kuma taɓa cin alƙalin da yaƙi, ba sau ɗaya ba. A 2005 aka gano wasu mujallu da aka aske gefensu da dabara, siririn aski ƙwarai, sun wuce ta hannun CGC sun fito da shuɗiyar takarda. Kamfanin ya haramta wa dillalin da ya kawo su hulɗa da shi, ya nemi a dawo da kayan a sake dubawa. A ƙarshen 2023 kuma wata ta fi wannan ta ɓulla. Kamfanin yana da wani aiki na sauya akwatin da ya tsufa ko ya tsage, ba tare da an sake ba da maki ba. Sai wani ya samo hanyar buɗe akwati ba tare da ya bar alama sosai ba, ya zare mujalla mai babban maki, ya sa wadda ba ta kai ta ba, ya aika a sauya masa akwati. Kaya marar kyau ya fito da sabon akwati na gaske da hatimi na gaske. A watan Janairu na 2024 kamfanin ya fitar da jerin mujallu kimanin 350 da ake zargin abin ya shafa, ya nemi a dawo da su, ya kuma kai ƙara kotu.

Abin lura a nan shi ne waɗanda suka tona asirin a duka lokutan biyu. Masu tarawa ne da kansu, mutanen da suka zauna suna kwatanta tsohon hoton mujalla da sabo, suka ga ɗigon da ke nan jiya yau babu, ko gefen da ya fi faɗi ya tsuke. Idon da aka ce an sallame shi daga aiki, shi ne ya dawo ya ceci hatimin.

Akwai kuma asarar da ba ta kuɗi ba. Mujallar da aka rufe ba ta karantuwa. An rubuta labari, an zana shi don yara su buɗe su yi dariya, yanzu ya koma bango biyu a cikin roba. Idan ka fasa don ka karanta, makin ya tashi. Mu dai a matsayinmu na masu son ganin littafi a hannun yaro, wannan yana ɗan sosa mana rai, ko da yake an sake buga yawancin shahararrun labaran a littattafai masu araha.

To ina mafita?

A ganinmu amsar tana bin girman kuɗin da kuma nisan da ke tsakaninka da mai kaya. Idan mujalla ce mai tsada, tsohuwa irin wadda ake yawan yi wa kwaskwarima, mai sayarwa kuma baƙo ne, to neman hatimin waje wajibi ne. A nan babban amfanin alƙali ba lambar ba ce, binciken gyara da ƙirgen shafuka ne, abin da mai saye ba zai iya yi daga hoto ba. Kuma idan ka ga mutum yana tallar mujallar dubban daloli tsirara, yana rantsuwa cewa da an kai ta da ta samu 9.4, sai ka tambayi kanka me ya hana shi kai ta, tunda shi zai fi kowa cin ribar hakan. Ruwa ba ya tsami banza. Wataƙila bai son jira ne, wataƙila kuma ya taɓa kai ta, amsar ba ta yi masa daɗi ba, ya fasa akwatin.

Idan kuwa mujallar dala biyar ce ko goma, kuɗin dubawa da na aikawa sun fi ta tsada, kai ta wurin alƙali wauta ce. Yawancin mujallun da ke yawo a duniya irin waɗannan ne, kuma da makin mai kaya ake cinikinsu har gobe. A nan abin da gogaggu ke yi shi ne su fara gwada dillali da ƙaramin ciniki, su ga yadda makinsa yake idan kaya ya iso. Sukan nemi hoton bangon gaba da na baya da tsakiyar mujalla inda ƙarafa suke. Sukan tambaya kai tsaye, a rubuce, ko an yi gyara, ko an yanke wani abu a ciki. Sukan taya kaya kamar makinsa ya gaza abin da aka faɗa da mataki ɗaya. Mafi muhimmanci kuma, sukan tabbatar akwai sharaɗin mayarwa. Dillalin da ya ce in ba ta yi maka ba ka dawo da ita ka karɓi kuɗinka, ya ɗaura wa makinsa jingina, maganarsa ta fi ta wanda ya cika takarda da kirari amma ya ce in an saya an saya.

Ko a gaban akwatin ma gogaggu ba sa runtse ido. Suna da wani zance a tsakaninsu cewa mujallar ake saye, takardar da ke samanta rakiya ta yi. Kwafi biyu masu maki 6.0 za su iya bambanta: ɗaya launinsa na sheƙi amma da karaya a baya, ɗaya kuma ya koɗe gaba ɗaya. Mai hankali zai duba lambar rajista a wurin kamfanin ya ga ta dace da sunan mujallar da makinta, ya nemi bayanan da masu dubawa suka rubuta, ya duba gefunan akwatin ko an taɓa su, in kuma an taɓa sayar da wannan kwafi a gwanjo a baya, ya nemo tsohon hoton ya ajiye kusa da sabon ya bi su kusurwa-kusurwa. Da irin wannan kwatance ne aka fara tona asirin da ya kai ga jerin mujallun nan 350.